Ɗakin Jirgi na Tungar Sodangi

Shekarar da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda, ba a wata hira a ƙasar Isa sai tasa. Fataken da ke kai gyaɗa da fatu a kan jakuna su ke dawowa da labari, kowa da irin nasa. Wani ya ce gawayi yake ci, yana shan ruwa kamar raƙumin Azbin. Wani ya rantse kukansa ne ya sa jakinsa ya zubar da kaya. Abu ɗaya dai suka haɗu a kansa, wato ba a Ƙaura zai tsaya ba. Lalle zai biyo ta Shinkafi, ya shigo Isa, ya wuce Sabon Birni har ya taɓa iyakar Faransi.

Ana cikin haka, bayan an gama shigar da gero rumbu, sai Wada masinja ya sauka Tungar Sodangi, wani ƙauye a bayan garin Isa, tsakanin hanyar fatake da gulbi. Saƙon baka ya kawo daga Baturen da ke rangadin ƙasar, wanda mutane ke kira Mai Lofe. Bature ya faɗa wa tafinta, tafinta ya faɗa wa Wada, Wada kuma ya durƙusa gaban mai gari ya ce Bature ya ce a gina wa jirgi ɗaki a nan Tunga, a gama kafin ruwa ya sauka, zai zo da kansa ya gani. Duk cikin mutanen da ke zauren ba wanda ya tambayi wane jirgi. A bakin kowa jirgi ɗaya ne a shekarar nan.

Mai gari ya aika aka kira Labbo magini. Labbo ya haura hamsin. Ubansa ne ya gina soron masallacin garin, mai bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufi daga ciki, wanda har gobe baƙo ke ɗaga kai ya kalla. Labbo ya taya shi aikin yana saurayi, ya san kowane ɗauri da kowane kwaɓi, amma tun da tsohon ya rasu ba wanda ya ba shi aikin da ya wuce katanga, zaure da rumbu. Mutanen Tunga ba su da halin soro. Har ta kai idan za a bambanta shi da Labbo mahauci, sai a ce Labbon rumbu. Yana amsa sunan, amma ba ya sonsa. Abin da yake so a duniya bai wuce ya rufe soro ɗaya na kansa mai bakan gizo ba, kafin gwiwarsa ta ƙi hawa tsani.

Da ya ji saƙon, sai ya ce, “Ranka shi daɗe, ban taɓa ganin ɗakin jirgi ba. Za ni tahi Ƙaura in gani da idona, kada in yi ma Bature rumbu.”

Aka yi dariya, mai gari ya ba shi izini. Labbo ya bi ayarin masu gyaɗa.

Tashar Ƙaura a bayan gari take, a fili, nesa da gidajen mutane. Labbo ya wuni yana zagaya ta. Gini ne dogo, ba faɗi sosai, na jan bulo da siminti, an rufe shi da kwano. A gefen da ke kallon dogo, wato hanyar ƙarfen da jirgi ke bi, an fitar da rumfa kan sandunan ƙarfe, ƙarƙashinta dakali mai tsawo inda mutane da buhuna ke jira. Akwai wata ’yar taga mai sanduna, wadda hannu kawai ke shiga, inda ake sayen tikiti. Abin da ya fi damunsa ƙofofi ne. Ta gaba da ta baya suna kallon juna sak, mutum na tsaye a waje yana hango wanda ke bayan ginin. A saninsa, magini na kirki yakan karkatar da ƙofar zaure don kada idon mai wucewa ya shiga gida. Ya daɗe yana kallo kafin ya gane dalili, lokacin da jirgi ya tsaya, mutane suka kwararo ta ƙofa ɗaya suka fita ta ɗayar da kayansu a ka, ba wanda ya yi karo da bango.

Yana auna bango da kamu sai ya ji murya daga ’yar tagar nan. Akawun tasha ne, Bayarabe, ya hango tsagen Gobir a kumatunsa.

“Bagobiri, me ka zo sata? Ƙarfen nan ya fi ƙarfinka.”

“Na zaka in ga inda anka kulle bawan ubana,” in ji Labbo. “Ashe har sanduna anka sa maka.”

Akawu ya fito yana dariya, ya ba shi goro, suka zauna a dakali suna yi wa juna tsiya, shi yana zagin tuwon gero, Labbo yana zagin manja da barkono. Da Labbo ya gaya masa abin da ya kawo shi, akawu ya daina dariya. Ya kama hannunsa ya kai shi can inda dogo ya ƙare, ya nuna masa wani katon katako da aka gicciye aka ɗaure da ƙarfe. Ya ce nan ne ƙarshe, daga nan ba ƙarfe ba komai, kuma shi duk zamansa a tashar bai taɓa jin wani injiniya ya ambaci Isa ba. Ya ce wa Labbo ya koma gida ya sake tambaya.

To, tsakanin Bagobiri da Bayarabe akwai wasa tun kaka da kakanni. In ɗaya ya ce maka rijiya tana dama, ka nufi hagu, kuma in ya ɗaure fuska yana rantsuwa, a nan ne wasan ya yi nisa. Labbo ya dubi fuskar akawu, ya ga yadda ya ɗaure ta, ya yaba masa a zuci. Ya ce masa hassada ce kawai, don ya san in jirgi ya kai Gobir ba zai so dawowa ba. Suka rabu akawu yana kiransa, shi kuwa yana ɗaga masa hannu.

A hanyar dawowa ya gama ginin a kansa. Ba shi da kwano, ba shi da ƙarfe, azara ce rufinsa, ita kuwa azara, wato tsagin giginya, ba ta da tsawon da za ta haye ɗaki mai faɗi ita kaɗai. Sai an yi mata bakan gizo ta kwanta a kai. Ɗaki mai tsawon na Ƙaura zai ci baka uku a jere. Ubansa ɗaya ya yi.

Ya zaɓi wuri a kan tudu, arewa da gari, can nesa da gulbi, domin ya lura dogo ba ya son ƙasa mai laushi. Daga ranar da aka fara haƙa tushe rigima ta fara. Ruwan kwaɓi sai an ɗauko shi daga gulbi a kan jakuna, masu jakunan kuma kullum suna tambaya ko tudun ne ya haifi Labbo. Mutanen da unguwanni ke turowa gayya suna zuwa da hantsi, kafin azahar rabinsu sun zame. Ya ce a yi tubali a bar shi ya bushe sarai, sai ya juya baya a ɗora masa ɗanye. Ya rushe, a sake.

Mai gari ma da nasa. Ya zo ya ga ƙofofi biyu suna kallon juna, ya ce wannan gini ba shi da kunya, a karkatar da ɗaya. Labbo, wanda shi ma ƙofofin ba su kwanta masa ba, ya wuni yana musu da shi don a bar su haka. Da aka gama wannan, mai gari ya ce a yi masa dakali na dabam, mai ɗan tudu, inda zai zauna ya tarbi jirgi. Aka yi. Ya ce a ƙara zankaye a kusurwoyi, don kada baƙi su ce Tunga ba ta san ado ba. Labbo ya ce a bari a rufe tukuna. Sai maganar rumfa ta taso: ta wane gefe dogo zai biyo, gabas ko yamma? Da Wada ya sake ratsowa aka tambaye shi, ya ce shi Bature bai faɗa masa gabas ko yamma ba, ɗaki kawai ya ce, kuma shi masinja ba ya ƙara gishiri a saƙo. Labbo ya ja dakali a gefe biyu.

Azara ta fi komai ba shi wuya. Giginyar da ke fadama malamin daji ya ce ba a sare ta sai da izini, izinin kuwa yana Sakkwato. Aka jira har sanyi ya wuce. Da aka gaji, Labbo ya bi kufai da tsofaffin zaurukan da suka faɗi, daga Kamarawa har Bafarawa, yana roƙon tsohuwar azara, yana ƙwanƙwasa kowace ya ji ko gara ta ci cikinta. Abin da ya tara ya tsaya cif, in ba a yi ɓarna ba, zai yi baka uku da rufi.

Bakan gizo ba a yi masa gaggawa. Ana kafa azara a cikin bango ta leƙo waje kaɗan, a ɗaure ta da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a bar ta ta bushe. In ta bushe a ɗora wata a kanta, ta ƙara leƙowa. Haka daga wannan bango, haka daga wancan, hannu biyu suna tasowa suna sunkuyowa har su gamu a sama. In aka ɗora sabo kan wanda bai bushe ba, duka za su sauko. In kuma damina ta iske su tsirara ba rufi, ruwa zai jiƙa ɗaurin, nauyinsu ya ja su ƙasa, su tafi da bangon. Labbo ya san wannan, shi ya sa tun da bazara ta kama ba ya fara aiki sai ya dubi gabas.

Matarsa Tasalla ita ke kawo masa fura da rana. Ba ta cika magana a gaban mutane ba, amma wata rana da ta iske shi shi kaɗai a kan tsani, ta ce kowa ya share gonarsa ya kai taki, tasu ce kawai ke nan da kututturan bara.

“In na ruhe wanga soro, ko da hannu ɗaya sai in share ta,” in ji shi.

“To, maigida. Allah shi sa jirgin yana cin kututture.”

Ranar da baka na farko ya gamu, ya sauko ya tsaya a ƙarƙashinsa ya daɗe yana kallonsa. Na biyu ya gamu a lokacin da zafi ya kai intaha. Na uku ya kai rabi, hannuwansa biyu suna miƙe ba su taɓa juna ba, sai aka ce ga Mai Lofe nan ya kwana Isa, da safe zai iso.

Bature ya zo da tafintansa da Wada. Mai gari ya tarbe shi ya nufi tudu da shi, shi kuwa yana ta waiwayen gulbi. Da suka isa ya shiga ta ƙofar gabas, ya ɗaga kai, ya cire lofe daga bakinsa. Ya zagaya, ya shafa bango, ya leƙa ’yar tagar da Labbo ya yi wa sanduna da icen geza. Ya yi magana, tafinta ya ce Bature ya ce gini ya yi kyau ƙwarai, masallaci ne ko kotu?

Mai gari ya yi murmushi ya ce ai ɗakin jirgi ne da aka yi umarni.

Bature da tafinta suka yi ta magana da Turanci. Bature ya fara dariya har ya dafa bango, can kuma dariyar ta ɗauke. Tafinta ya juyo ya yi bayani a hankali. Gwamnati ta sayi jirgin fito na katako, babba, wanda zai riƙa haye da buhunan gyaɗa da mutane in gulbi ya cika. Yana Ƙaura yanzu, ’yan dako za su ɗauko shi. Rumfa ake so a bakin gulbi, inda za a riƙa jawo shi a ajiye don kada rana ta tsaga shi. Shi ke nan. Maganar jirgin ƙasa kuwa, Bature ya ce bai san wanda ya kawo ta ba.

Mai gari ya dubi Wada. Wada ya ce shi jirgi aka ce masa, jirgi ya faɗa. Tafinta ya ce shi ma jirgi ya ce, kuma duk wanda ke zaune a bakin gulbi ya kamata ya san jirgi. Daga nan idanu suka koma kan Labbo, tunda shi ne ya je Ƙaura ya gani da idonsa. Mai gari ya tambaye shi ko a can ba wanda ya gaya masa komai. Labbo ya tuna fuskar akawu a ɗaure, ya sunkuyar da kai.

Bature ya dubi sama, ya ce lokaci ya ƙure. Duk mutanen da ke aiki a nan su koma bakin gulbi yau, kuma wannan tarin azara da ke jingine a yi ginshiƙai da rufin rumfa da shi. Labbo ya durƙusa.

“Ranka shi daɗe, a hwaɗa mashi azarar ruhi ta. In anka ɗauke ta, ruwan hwari za shi kada ginin ga. A ba ni ’yan kwanaki in ruhe, rumhwa ko da ƙirya da kara sai in yi ta.”

Tafinta ya juya maganar, kuma ga alama ya gajarta ta. Bature ya amsa ba da faɗa ba. Ya ce ya ga aikin, ya san na gwani ne, amma gwamnati ba ta nemi wannan ba, kuma jirginta ba zai zauna ƙarƙashin kara ba. Ya mayar da lofe bakinsa ya nufi gulbi. Mai gari ya bi shi, bai ko dubi dakalinsa ba.

Labbo da kansa ya gina rumfar, don ba wanda zai yi in ba shi ba. Aiki ne da kowane saurayi mai yin rumfar kasuwa zai iya. Ya ga azarar da ya bi ƙauyuka yana ƙwanƙwasawa ana gutsure ta da gatari don ta yi daidai da ginshiƙi. Ya gama, jirgin fito ya iso a kan kawunan mutane, yara suka bi shi da ihu, aka tura shi ciki ya zauna daidai.

Ya koma wurin mai gari neman mutane da azara. Mai gari ya ce ya bari tukuna, gari ya sha kunya, kowa kuma hankalinsa na gona. Ya koma kashegari aka ce mai gari ya tafi Isa. Ya je wa malamin daji, aka ce izini yana hanya. Da la’asar hadari ya fara haɗowa a gabas yana watsewa, iska tana kawo ƙanshin ruwan da ya sauka wani wuri.

Ya hau tudu shi kaɗai ya zauna a kan dakali yana kallon bakuna. Azara tana nan, amma a cikinsu take. Wadda ke cikin baka na uku da na biyu, in aka zare ta, za ta rufe daga bangon kudu zuwa baka na farko, ta ɗan haye. Ya juya maganar ta kowace fuska bai ga wata hanya ba. Da safe ya ɗauki gatari ya hau tsani.

Na uku bai ba shi wuya ba, da ma bai gamu ba. Na biyu ne ya ƙi. Ya ɗaure shi da kyau, ƙasar ta kama kamar dutse, kowace azara sai ya sare igiya ya yi ta girgiza kafin ta fito. Masu wucewa zuwa gona suna tsayawa su kalla, wani ya ce Labbo ya taɓu, wani ya ce a’a, Bature ne ya ce a rushe. Shi dai ya ci gaba da sara. Ƙannen Tasalla biyu suka zo suka kama masa, ba don sun gane abin da yake yi ba, sai don yayarsu ta ce su zo. Suka ja bango a bayan baka na farko, suka jera azara, suka shimfiɗa zana, suka ɗora ƙasa. Tasalla ta jiƙa makuba a manyan tukwane, ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana rufi shan ruwa, ta kawo har tudu. Yaɓen bai gama bushewa ba, indararo ɗaya kawai aka kafa, sai ruwa ya sauko wata rana bayan azahar.

Labbo yana ciki. Daga ƙofa yana ganin sauran ginin, dogayen bangaye biyu ba rufi, ruwa yana bin su yana sauka ja. ’Yar tagar tikiti ta fara zubewa daga sama. Dakalin mai gari ya zama tsibiri.

Wani bafatake Ba’adare ya shigo a guje yana jan jakinsa, ya yi sallama, ya sauke buhun gishiri a inda ba jiƙa. Da ya huce ya ɗaga kai. Ya bi bakan da ido daga wannan bango zuwa wancan, ya ce rabonsa da ganin irin wannan tun Tawa. Sannan ya leƙa waje ya ga bangayen da ke narkewa.

“Baba, wanda yay yi wanga ya san aiki. To mi ya hana shi ƙarasawa?”

Labbo ya ɗaga kai sama. Idonsa na kan kusurwar yamma, inda wani ɗan danshi ya fito a jikin rufi, yana faɗi a hankali. Ya ce wa baƙon ya matsar da gishirinsa daga nan, ya naɗe wandonsa, ya fita cikin ruwan neman tsani.